Tsohon gida ƙarami a fili ƙafa 100 da 150: a saya ko a haƙura?

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu masana, ina neman shawara. An kawo mini tallan wani gida a Kano, wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Ginin shekarun 1970 ne, ɗaki uku da falo, kicin da banɗaki a waje, rufin asbesto, amma filin ƙafa 100 ne da 150. Mai gidan ya rasu, magada ne ke sayarwa. Dillali ya ce satifiket, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, yana nan, kuma in ba da kafin alƙalami cikin mako guda don akwai masu so. Me zan duba, kuma ta ina zan fara?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Abu Sadik, fara da cire gidan daga ranka, ka yi lissafi kamar fili kake saya. Ƙafa 100 da 150 fuloti uku ne na 50 da 100, kusan murabba'in mita 1,390. Ka nemi kuɗin da aka sayar da fuloti ɗaya a layin ko layin baya cikin watanni shidan nan, kuɗin da aka biya a hannu, ba wanda dillalai ke faɗa a baki ba. Ka ninka sau uku, wannan shi ne iyakar kuɗin filin. Daga nan sai ka duba ginin: in zai zaunu, ka ƙara masa ɗan abu, in na rushewa ne, ka cire kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai daga farashin. Ɗaki uku na shekara hamsin ba shi ne ke ɗauke da kuɗin nan ba.

Barista: Hajiya ta yi daidai a lissafi, amma kafin lissafi akwai takarda. Ɗan'uwa, kada ka ba da ko sisi a wannan makon. Ka karɓi kwafin satifiket ɗin, ka ɗauki lambar fayil, a je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a yi binciken fayil a rubuce. Abin da kake son gani: sunan da ke fayil shi ne sunan mamacin ko kuwa, an jinginar da takardar a banki ko ba a jinginar ba, akwai wata ƙara ko gargaɗi da aka saka a fayil, nawa ne bashin kuɗin ƙasa da ya taru, me aka rubuta a matsayin amfanin filin, zama ko kasuwanci, kuma wa'adin shekara nawa ya rage. Takardar gidan zama yawanci shekara 99 ce, in an ba da ita a shekarun 1970 an ci kusan rabi. Ka kuma dage sai ka ga ainihin takardar da idonka. In kullum kwafi ake nuna maka, ana cewa ta asali tana wurin babban yaya, to sau da yawa tana banki ne ko hannun wanda ke bin bashi.

Sannan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai satifiket ba ya mayar da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna. Wato bayan ka biya, akwai takardar mayar da mallaka, neman amincewa, kuɗin hatimi da rajista. Ka sa wannan cikin kasafinka tun yanzu.

Ɗan Kasuwa: Barista, ranka ya daɗe, duk wannan dogon turanci ne. Gidaje nawa ake saye a garin nan da takardar mai unguwa da shaidu, kuma ana zaune lafiya? In ya tsaya jiran bincike wani zai ɗauke.

Barista: Alhaji, sa hannun mai unguwa yana da amfani, shaida ce cewa an san cinikin a unguwa, ni ma ina ba da shawarar a sa shi. Amma mai unguwa bai san ko takardar tana banki ba, kuma sa hannunsa ba ya goge jingina. Gidan cikin birni da ba a taɓa yi masa satifiket ba hukuncinsa daban. Wannan kuwa an ce yana da fayil, to fayil ɗin ne ke magana. In masu sayarwa na gaskiya ne, mako biyu ba zai kashe ciniki ba. In dole sai an ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a dawo da shi cif in bincike ya nuna matsala.

Malam Ustaz: Bari in ƙara a kan maganar gado, don a nan ne aka fi samun rigima bayan shekaru. Ka tambaya: an raba gadon ko ba a raba ba? In an raba a kotu, akwai takardar rabon gado da ke nuna wa gidan ya faɗa wa. In ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku na filin, don haka sai kowa ya sa hannu: matan mamacin, 'ya'ya maza da mata, da iyayensa in suna raye. 'Yar da ke aure a wani gari ba a sa mata hannu a madadinta sai da wakilci a rubuce. In akwai marayu ƙanana, kasonsu ba ya sayuwa da yardar babban wa kawai, sai ta hannun wasiyyi ko izinin alƙali. Ka kuma tambayi bashin mamacin da wasiyyarsa, domin su ake fara fitarwa kafin rabo.

Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa a dukiyar da ba a raba ba, sauran suna da ikon mayar maka da kuɗinka su karɓe. Haƙƙin na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba. Saboda haka sayen kason mutum biyu cikin bakwai da fatan sauran za su biyo baya ganganci ne. Hanya mafi tsabta ita ce a yi cinikin a gaban kotun da ke riƙe da gadon, a biya ta nan.

Malam Safiyo: Abu Sadik, wa ya ce maka filin 100 da 150 ne? Dillali? To ka auna. Tsohon fili mai girma kusan kullum sai an tarar an ci shi ta wani gefe: maƙwabci ya sake katanga ya shigo ƙafa biyu, ko an yanka wa wani ɗa gefe an yi shago tun da daɗewa, ko hanya ta faɗaɗa. Ka kawo safiyo mai rajista da na'ura, ya nemo duwatsun iyaka huɗu, ya ɗauki lambobinsu ya gwada da taswirar da ke cikin satifiket. In an rasa ƙafa 3 a tsawon 150, ƙafa murabba'i 450 ke nan ka biya wa iska.

Abu na biyu, wane gefe ne ke kallon titi? In gefen 150 ne, to madalla, fuloti uku kowanne da fuskarsa ƙafa 50. In gefen 100 ne, biyu za su samu fuska, na baya sai an fitar masa da lungu. Lungun ƙafa 12 a tsawon 100 ya cinye ƙafa murabba'i 1,200, kusan kwatan fuloti, kuma fulotin baya ba ya yin kuɗin na gaba. Lissafin Hajiya na ninkawa sau uku a nan sai an rage shi.

Na uku, ina ginin yake zaune? Gidajen wancan zamani an fi ajiye su a tsakiyar fili, lambu gaba, lambu baya. In haka ne, ba za ka iya yanka komai ba sai ka rushe shi. In yana kusurwa, ka ci riba biyu.

Maman Ummi: Gaskiya ne Malam, na karɓi gyara. Kuma a tuna raba fili mai satifiket ɗaya ba da igiya ake yi ba, sai hukumar filaye ta amince ta fitar wa kowane yanki takardarsa, kuma duk sabon gini sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Kafin ka biya ka kai musu taswirar wurin ka tambaya ko akwai shirin faɗaɗa titi ko magudana da ya bi ta nan.

Barista: Wannan tambayar tana da nauyi a irin wannan gida musamman. In gwamnati ta soke takarda don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da bishiyoyi da sauransu, ba kuɗin kasuwar filin ba. Kai kuwa yawancin kuɗinka a filin za ka zuba.

Baba Magini: To ku 'yan takarda kun gama? Ni maganar da Hajiya ta yi ta rushewa ce ban yarda da ita ba. Yaro, kada ka raina ginin nan kafin ka gwada shi. Bulon da aka buga a wancan lokaci sau da yawa ya fi na yanzu siminti. Ka je da ƙusa inci 4 da guduma ƙarama. Ka samu wurin da filasta ta faɗi, ka karci bulon. In ƙusa tana zamewa tana barin farin layi kawai, bulo ne na kirki. In yana zuba kamar gari, to ya mutu. Ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma; inda ya yi ƙarar ganga filasta ta rabu da bango, wannan gyara ne mai sauƙi. Ka kuma tabbatar bulo ne har ciki. Akwai gidaje da yawa da tubalin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti. Za ka gane daga kaurin bango a bakin taga: bulo inci 9 da filasta bai fi inci 10 zuwa 11 ba, in ka ga ya kai ƙafa ɗaya da rabi, ƙasa ce a ciki. Ba laifi ba ne, ɗakin ƙasa ya fi sanyi, amma ba a ɗora masa rufin kankare, kuma in ruwa ya shiga tsakanin siminti da ƙasa sai ka ga rigar ta ɓalle gaba ɗaya.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya a kan bulo, amma bulo mai kyau a kan fandisho marar kyau ba ya hana tsagewa. Tsaga iri-iri ce. Siririya kamar gashi da ta bazu a filasta ba komai ba ce. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman in ta fi faɗi a sama kuma ana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya. Wannan ƙasa ce ke zama a ƙarƙashin gefe guda. Ka auna faɗinta: ƙasa da milimita 2 a bar ta, in ta wuce 5 sai injiniya ya gani, in yatsa yana shiga magana ta yi nisa. Ka buɗe kowace ƙofa da taga. Wadda ke cijewa a sama ko aka sassaƙe gefenta alama ce firam ya karkace.

Ka nemi izini a haƙa rami biyu a jikin bango ta waje, ɗaya a kusurwar da ta fi tsagewa, zurfin kamar mita ɗaya. Za ka ga ko akwai kankare a ƙasa, kaurinsa, da irin ƙasar da ya zauna a kai. Jar ƙasa ko burji, alhamdu lillahi. Baƙar ƙasa mai leda da fasassun kwalabe, to tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Kano cike take da irin waɗannan ramuka da aka haƙi ƙasar gini a da. Kuma a babban fili ka haƙa a bayan gidan ma, inda ba a yi gini ba. Wani lokaci dalilin da ya sa aka bar wurin fili shekara hamsin ke nan.

Baba Magini: Injiniya, tsagar da ta yi shekara talatin ba ta motsa ba ai ta gama aikinta. Ba kowace ce ake kira wa taro ba.

Injiniya: Haka ne Baba, shi ya sa ake gwadawa a san mai rai ce ko matacciya. A shafa ɗan siminti ko filastar farin ƙasa a kan tsagar, faɗin tafin hannu, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage cikin makonni, tana tafiya. Matsalar ita ce mai saye ba shi da wannan lokacin, don haka sai a duba cikinta: tsohuwa za ka ga ƙura da yanar gizo da tsohon fenti a ciki, sabuwa bakinta fari ne mai kaifi. In kuwa ka tarar an yi sabon fenti a bango ɗaya tak, ka tambayi abin da aka rufe.

Sai danshi. Ka duba ƙasan bango daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya: fenti yana kumbura, farin gishiri yana fitowa, filasta tana zuba. Yawancin gidajen nan ba a sa musu leda ko wani abin tare danshi a fandisho ba. Ka tsaya a bakin titi ka kalli daɓen falo. Titi yana hawa duk lokacin da aka yi ciko ko kwalta, gida yana nan inda yake. In daɓen yana ƙasa da titi, ruwan Agusta cikin gidan zai kwana. Gyaransa ɗaga daɓe ne, in ka ɗaga shi ƙafa ɗaya kuma sai ƙofofi su gajarce, sai an ɗaga linta, wato kankaren saman ƙofa, wani lokaci har rufi. A nan ne gyara ke fin sabon gini tsada, kuma a nan ne zan bi bayan Hajiya.

Abu Sadik: Allah ya saka da alheri. Yanzu rani ne, ta yaya zan san halin wurin da damina?

Maman Ummi: Ka duba jikin katanga ta waje da ta ciki, ruwa yana barin layi. Ka duba ko an gina ɗan tudu a bakin ƙofar ɗakuna. Sannan ka je ba tare da dillali ba, bayan la'asar, ka zauna da masu shagon layin da dattawan masallaci. Su za su faɗa maka inda ruwa ke bi, da ko akwai rigima a gidan.

Kafinta: Rufi kuma sai an hau. A buɗe silin a shiga da tocila da sukundireba. A soki kowane katako, musamman inda ya zauna a kan bango. Gara tana cinye ciki ta bar fatar waje, sai ka ga katako lafiya, ka soka ya burma. Ka nemi hanyarta ta ƙasa a jikin bango da bayan firam ɗin ƙofa. Babban fili mai tsofaffin kututture gidan gara ne, in ba a tono uwar ba magani a katako na ɗan lokaci ne. Asbesto in bai fashe ba yana iya zama, amma ya tsufa ba a taka shi, yana karyewa ba gargaɗi. Ranar cirewa a jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi a sauke shi ɗai-ɗai, kada a fasa ko a yanka da inji, ma'aikata su rufe hanci da abin kirki. Ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru take fitowa. Kada a farfasa shi a yi cikon tsakar gida da shi inda yara ke wasa.

Mai Wayarin: Wayarin na shekara hamsin ka ɗauka sabo za ka yi, kada ka sa ran ceto. Ka buɗe soket biyu ka lanƙwasa waya, in rigar ta tsage to shi ke nan. Yawanci babu wayar ƙasa, allon kuma na fis ne da aka ɗaura wa kowace irin waya. Sabon aiki, kaurin waya a murabba'in milimita: 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 na na'urar sanyaya ɗaki da hita, da sandar ƙasa a wuri mai danshi. Ka ɗauki lambar mita ko tsohon bil ka je ofishin KEDCO ka ga bashin da ke kan gidan. A cire shi daga kuɗin ciniki. Haka bil ɗin ruwa. Ka ɗaga kai ka duba ko babbar waya ta ratsa filin: layin kilobolt 11 ko 33 ana barin mita 5.5 kowane gefe ba gini.

Injiniya: Kada a manta da abin da ke binne. Gidan da aka zauna shekara hamsin ya yi masai fiye da ɗaya. A tambayi tsofaffin gidan inda tsofaffin shaddodi da sokawe da rijiya suke, a sa alama a taswira. Inda ƙasa ta ɗan lotsa ko ciyawa ta fi kore, a soka rodi a ji. Fandishon sabon gini in ya faɗa kan tsohuwar shadda sai an kwashe ta an cike da burji ana daddaɓewa, ko a tsallake ta da bim, wato kwantaccen ginshiƙin kankare. In akwai rijiya, a auna tazararta da masai, har na maƙwabta. Ƙasa da mita 15 kada a sha sai an gwada ruwan, mita 30 ya fi kwanciyar hankali. Bututun ƙarfe na da kuma ya toshe da tsatsa, a canza. Darbejiya ko mangwaro da ke ƙasa da mita 5 daga bango saiwarsu tana ɗaga daɓe tana shiga sokawe, amma na nesa a bar su, inuwar shekara arba'in ba a saye ta a kasuwa.

Baba Magini: Ga wani kuɗi da masu sayen babban fili ke mantawa: katanga. Kewayen 100 da 150 ƙafa 500 ne, kusan mita 152. In tsohuwar ta karkata sai an sake, a tsayin mita 2.4, bulo 10 a kowace murabba'in mita, kana neman wajen 3,650, ka ƙara kamar 1,000 na layi uku a cikin ƙasa. Ginshiƙi duk bayan mita 3, wajen 50 ke nan, kowanne da rodinsa da kankarensa. Ba a zo filasta da ƙofa ba. Wannan kaɗai ya isa gina ɗakuna. Ka ɗora igiyar magini a jikinta ka ga ko ta miƙe, ka kuma tambaya wace katanga ce ta gidan, wace ce ta maƙwabci.

Ni dai ra'ayina, in fandisho ya fito lafiya kuma daɓe yana sama da titi, a sake rufi da wayarin da famfo, a shiga a zauna ko a sa haya, sauran filin a yi shi a hankali.

Maman Ummi: Baba, ban ƙi ba, da sharaɗi ɗaya: a rubuta kuɗin gyaran duka, rufi, silin, wayarin, famfo, banɗaki a ciki, tagogi, filasta, a ƙara kashi 20 cikin ɗari na abin da ba a gani ba sai an fasa. In jimillar ta haura rabin kuɗin gina sabo mai girmansa, ni ba zan gyara ba, balle in yana tsakiyar fili ya tare komai. Kuma Abu Sadik, akwai 'yan haya ko dangi a ciki? In akwai, a rubuta cewa sai an miƙa gida babu kowa kafin cikon kuɗi. Fitar da gwaggon magada daga ɗakin da ta yi shekara talatin a ciki ba aikin mai saye ba ne. La'adar dillali ma a yanke ta tun farko, a san wa zai biya, don dillalan kan yi yawa ranar biya.

Abu Sadik: Na gode ƙwarai iyayena. Na tambaya yanzu: gefen 100 ne ke kallon titi, ginin yana gaba ta hannun dama, kuma akwai wata tsohuwa a ɗaki ɗaya. Sun ce ba a je kotu ba, a gida suka daidaita.

Malam Safiyo: To ginin bai tare ba, in bai wuce faɗin ƙafa 44 daga katangar dama ba za a iya fitar da lungun ƙafa 12 a tsakiya, fulotin hagu shi ma ya tashi 44. Sai dai awo ya tabbatar.

Barista: Daidaitawar gida ba ta isa ba. Ka ce musu su kai rabon kotu a tabbatar da shi a rubuce, da sunan kowane magaji da kasonsa, kuma a fayyace matsayin tsohuwar nan: matar mamacin ce mai tumunin gado, ko 'yar'uwa ce da aka ba wa wurin zama. Ka turo mini lambar fayil ɗin ta akwatin sirri in faɗa maka takardun da za ka haɗa don bincike. Safiyo da haƙa ramukan Injiniya su jira sai sakamakon ya fito, kada ka kashe kuɗin awo a kan filin da ke banki.